Waiwaye: Rauni na jikin tsohon soja, fayil na can bariki

Da wuya ka zaga ƙauyukan Kano da Jigawa ka rasa gari mai tsohon soja. Akwai 'yan yaƙin basasa da tsufa ya cim musu, akwai waɗanda suka je Laberiya da Saliyo bayan 1990, ga kuma na baya-bayan nan da suka dawo daga Borno. Ranar da ciwo ya tashi, duk tambaya ɗaya ke jiransu a asibiti: ina takardunka? Tarihin jinyar mutum na shekara 20 ko 30 yana ajiye a wani asibitin soja a Kaduna ko Legas ko Maiduguri, shi kuwa ga shi a layin ɗakin kati na ƙaramar hukumarsu, ana yanka masa sabo kamar yau ya fara ciwo. Matsalar tsohuwa ce, domin tun fil azal rundunar soja don kanta take rubuta ciwo, ta san mutum nawa za su iya saɓa bindiga gobe.

A Yaƙin Kirimiya aka ga ƙarfin wannan rubutu a fili. Ma'aikaciyar jinya Florence Nightingale ta isa asibitin sojojin Ingila da ke Scutari, a ƙasar Turkiyya, a 1854, daga baya ta tattara alƙaluman mace-mace, ta nuna wa hukuma cewa kwalara da taifot da atini sun kashe sojoji fiye da yadda harsashi ya kashe. Zuwa Yaƙin Duniya na Ɗaya har an fito da katin da ake ɗaura wa wanda ya ji rauni a rigarsa. A kai ake rubuta irin raunin da allurar da aka yi masa, katin ya bi shi daga wurin taimakon farko har asibitin da ke can bayan fagen daga. Dabara ce mai kyau, amma iyakar tafiyar katin ita ce ranar da rundunar ta gama da mai shi.

Wannan tsari ne ya iso mana tare da Turawa. Wani hafsan Ingila, Glover, ya tara Hausawa ya mayar da su sojoji a Legas a 1863, an kafa rundunar Afirka ta Yamma a 1897 aka danƙa wa Lugga, makarantar kuratan soja ta Zariya kuma ta fara aiki a 1924. Ranar ɗauka likita ya auna tsawo da faɗin ƙirji, ya duba ido da haƙora, akawu ya rubuta tsagen fuska da duk wani tabo, domin su ne shaidar mutum. Shekaru kuwa da ido ake ƙiyasta su, tunda ba mai takardar haihuwa. Suna ma haka: maimakon sunan uba sai a liƙa sunan gari, a sami Audu Kano da Garba Haɗeja barkatai a bataliya guda, lambar soja kaɗai ke raba su. Kurtu ya dangwala yatsa a takardar da bai iya karantawa ba, shi ke nan ta zama shi.

A Yaƙin Bama, inda runduna ta 81 da ta 82 ta 'yan Afirka ta Yamma suka fafata da Japanawa a kwarin Kaladan da Arakan, har aka karɓe garin Myohaung a Janairun 1945, an ga yadda soja ke iya riƙe rajista idan abin ya shafe shi. A 1943, duk mutum ɗaya da aka kwaso daga fage saboda rauni, kusan 120 ake kwasowa saboda cuta, musamman zazzaɓin cizon sauro. Janar Slim, babban kwamandan sojojin Ingila a can, ya sa ana bin kowace bataliya da gwaji don a ga ko ana haɗiyar ƙwayar mepacrine, maganin rigakafin zazzaɓin, kwamandan da mutanensa suka gaza kuma a tuɓe shi. Wannan duk an rubuta shi tsaf. Amma da aka gama yaƙi, mazan jiya sun koma gida da takardar sallama da lambar yabo, bayanin jinyarsu ya tsaya a hannun rundunar. 'Yar takardar da suka zo da ita da Turanci take, a ƙauyen da masu karatunsa ajami suka iya. Aka naɗe ta a tsumma aka jefa ƙasan adaka, inda gara da yoyon damina da gobarar hunturu suka yi ta rabon ta.

Kada a ɗauka mu kaɗai ke asarar takardu. Bama-baman Jamus sun ƙone fiye da rabin fayilolin sojojin Ingila na Yaƙin Duniya na Ɗaya a Landan a 1940. A Amurka, gobarar 12 ga Yulin 1973 a rumbun ajiyar fayilolin sojoji da ke birnin St. Louis ta cinye fayil miliyan 16 zuwa 18. Bambancin dai shi ne nasu an rubuta ya ƙone, namu sau da yawa ba a ma rubuta ba. Hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashe renon Ingila ta amsa da bakinta a 2021 cewa aƙalla mutum 116,000, akasari 'yan Afirka da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ba a ajiye sunayensu a kan kabari ko allon tunawa ba.

Babbar ɓaraka a nan gida ta zo ne da yaƙin basasa. Daga Yulin 1967 zuwa Janairun 1970, sojojin Najeriya sun tashi daga kusan 10,000 zuwa wajen 250,000. An ɗebi samari daga kasuwanni da gonaki, aka ba su horon gaggawa, aka tura su fage. Ba ofishin da zai iya bin wannan ambaliya da alƙalami. Mutum ya ji rauni a wannan bataliya, a yi jinyarsa a wani gari, ya warke a cusa shi cikin wata. Bayan yaƙi aka yi ta rage yawan sojoji, kuma a nan ne takarda guda ta raba makomar mutane: rahoton kwamitin likitoci, wanda ke tabbatar da cewa a bakin aiki aka samu raunin, ya kuma ƙiyasta yawan nakasar. Wanda aka sallama da wannan rahoto yana da abin kafa hujja. Wanda ya gaji da jira a bariki, ko ya ƙosa ya ga iyayensa ya kama hanyar gida, ya tafi da ɗingishinsa kawai. Da yawa daga cikin dattawan da ake kira 'yan 63NA, saboda harufan da ke farkon lambarsu, a wannan rami suka faɗa.

Ga yadda abin yake kasancewa a ɗakin duba marasa lafiya na karkara. Dattijo ya kwance ƙullin leda, ya fito da katin shaida da ya koɗe, da rabin littafin rubutu irin na 'yan firamare wanda wani ƙaramin asibiti ya mayar masa kati, da kwalayen magungunan kyamis.

"Baba, wannan aikin da aka yi maka a ciki, me aka cire?"

"Wallahi ɗana, ban sani ba. Na farka dai na ga ɗinki."

Malamin asibitin ba shi da hanyar sanin ko saifa ce aka cire, ko akwai ɓarɓashin ƙarfe a jiki, ko an taɓa ƙara masa jini, ko akwai maganin da jikinsa ba ya karɓa. Sai a sake gwaji da hoto daga farko, a tura shi Asibitin Ƙashi na Dala ko na Malam Aminu Kano ko Birnin Kudu, kuɗin mota da na gwaji duk daga rumbun gero. Wasu a nan suke haƙura su koma wajen mai ɗori.

A takarda an samu ci gaba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa kowane asibiti ajiye bayanan majinyaci da tsare sirrinsa. Akwai kamfanin inshorar lafiya na sojoji, DHML, da ke ɗaukar nauyin jinyar 'yan fansho, ga manyan asibitoci irin na 44 da ke Kaduna da na 68 da ke Yaba. Sai dai inshora kuɗin jinya take biya, ba ta ɗauko tsohon fayil ta kai Ringim ko Gwarzo. Idan aka ce sirrin soja ne ya hana, to inda bataliya ta kwana sirri ne, na yarda. Rukunin jinin kofur mai ritaya da sunan aikin da aka yi masa ba su da abin da za su tona. Shafi biyu da za a miƙa wa kowane soja ranar sallama, da Turanci da harshen da yake ji, sun isa su toshe rabin wannan ɓaraka.

Kwamfuta ma ta zo da nata. Tantancewar 'yan fansho yanzu tana son sunan da ke fayil ya dace da na banki da na katin ɗan ƙasa, alhali wanda aka rubuta da sunan garinsu a 1968 ya yi katin ɗan ƙasa da sunan mahaifinsa, shekarar haihuwar kuma kowace takarda da tata. Sai rantsuwar kotu da zirga-zirga zuwa birni. Idan ya rasu, wahalar ta koma kan iyali: fayil ya san magaji ɗaya da aka rubuta tun yana saurayi, wataƙila wansa ne da ya riga shi rasuwa, gida kuwa akwai mata biyu da 'ya'ya. Ana kuma binne mamaci cikin sa'o'i kaɗan yadda addini ya tanada, ba tare da wani likita ya rubuta takardar mutuwa ba, ita ce kuwa farkon abin da za a nema a ofis.

Sannan akwai ciwon da ba ya shiga fayil tun farko. Matashin da ya dawo daga Arewa maso Gabas yana firgita cikin barci, yana zabura idan babur ya yi tusa, da wuya ya faɗa wa likitan bariki, don tsoron kada a rubuta abin da zai tare masa ƙarin girma ko ya jawo masa sallama. A gida kuma iska za a ce, a nufi wajen mai ruƙiyya. Shekara goma nan gaba, idan ya nemi a lissafa wannan cikin abin da aiki ya jawo masa, kwamitin likitoci fayil zai buɗe, fayil ɗin kuma zai nuna cewa lafiyarsa ƙalau aka sallame shi.