Romon zabo ba maganin ciwon ƙoda ba ne

Da zarar an gama girbi, maharba suka fara shigowa Garwa da zabi da fakara daga wajen Lagdo da bakin Binuwai, sai in fara ganin abin da na saba gani. Mai ciwon ƙodar da muka sallama da sauƙi ya dawo ƙafa a kumbure, takalmi ya ƙi shiga, jini ya hau.

Makon jiya wani dattijo aka kawo. Na danna ƙaurinsa da yatsa, ramin ya zauna bai ciko ba. Na ce, "Baba, me ake ba ka a gida?" Uwargidansa ta riga shi baki: "Wallahi ɗan nan, ko naman saniya ba ya taɓawa. Farfesun zabon daji kawai nake masa, safe da yamma, don ya yi jini."

Inna, na san ƙauna ce ta sa. Na san abin da kika rage a cefane kafin ki sayi zabon nan. Amma sau nawa za mu faɗa? Nama nama ne, na daji ko na gida, kuma ƙodar da ta gaji ita za ta tace dattinsa. Wanda bai fara wankin ƙoda ba, in nauyinsa kilo 60 ne, abin da ake so ya ci na sinadarin gina jiki bai wuce giram 48 a yini ba, har da na wake da ƙwai da nono. Tsokar zabo giram 100 kaɗai ta haura giram 20. To ina ga zabo guda?

Romon ma ya fi ba ni haushi. Dunƙule uku, gishiri, yaji mai Maggi a ciki, wasu har da kanwa don naman ya yi laushi, sannan a cika kwano a ce "shanye, ruwa ne kawai." Gishirin yini gaba ɗaya bai kamata ya kai giram 5 ba, wato ƙaramin cokalin shayi, dunƙule kuwa kusan rabinsa gishiri ne. Ku daina ɗura wa mara lafiya romo! Ku masu zuwa dubiya da kula a hannu, da ku nake.

Ga kuma harsashi. Ƙwayoyin nan da kuke tofarwa in haƙori ya ci karo da su dalma ce, tana farfashewa cikin tsoka, kuma dalma na lalata ƙoda. Tsuntsun da aka kama da hatsi mai guba kuwa, ko mai lafiya bai kamata ya ci ba.

Ban ce an haramta zabo ba. Yanka ɗaya, wanda bai kai tafin hannu ba, kuma ba kullum ba. A yanke wurin da harsashi ya shiga a yar. Ban da hanta da ƙundu, ban da busasshe mai gishiri. A dafa da albasa, tafarnuwa da citta, a raba masa nasa kafin a sa dunƙule. Masu zuwa wankin ƙoda su suna buƙatar nama fiye da haka, su tambayi likitansu adadin. In ƙafa ta kumbura, fitsari ya ragu ko numfashi ya yi wuya, a kawo shi ranar, kada a jira ranar da aka rubuta a kati.