Inci ɗaya da rabi da kan kai mai haɗa bindiga kurkuku a Amurka

A yawancin jihohin Amurka, mutum na iya zama a gida ya yi odar sassan bindiga ta intanet, bututu daga wannan kamfani, ƙota daga wancan, ya haɗa abarsa da hannunsa, babu wanda zai ce masa uffan. Wadda aka fi yi wa haka ita ce AR-15, da injiniya Eugene Stoner ya zana wa kamfanin ArmaLite a shekarun 1950, wadda kuma M16 da M4 na sojan Amurka suka fito daga tsatsonta. Ta farar hula harsashi ɗaya take fitarwa duk lokacin da aka danna kunama, amma a ido da ta soja kamar an tsaga kara.

Mai kallo daga nesa sai ya ɗauka ba doka ke nan. Akwai ta, sai dai dokar tarayya ba ruwanta da ko bindiga ta yi kama da ta soja. Ma'auni take dubawa, da wani sashe guda.

Wannan sashe shi ne uwar bindigar, wato akwatin ƙarfen da kunama ke ciki, wanda ake cusa gidan harsashi a ƙasansa. A ƙarƙashin dokar taƙaita bindigogi ta 1968, shi kaɗai ake kira bindiga a jikin AR-15, kuma shi ke ɗauke da lamba, kamar lambar shasi a jikin mota. Bututu da ƙota da sauran tarkace, masinja na iya ajiye maka su a ƙofar gida. Uwar kuwa sai an aika ta shagon dillali mai lasisi, ka je da kanka, ka cike fom mai lamba 4473, a binciki tarihinka ta na'urar hukumar FBI, tsarin da ya fara aiki a 1998. Dillali ba zai sayar wa wanda bai kai shekara 21 ba uwar bindiga tsirara, alhali ɗan shekara 18 na iya sayen doguwar bindiga haɗaɗɗiya. An daɗe ana kauce wa wannan mataki da sayen uwar da ba a gama sassaƙawa ba, marar lamba, har hukumar ATF mai kula da bindigogi ta fitar da ƙa'ida a 2022 cewa irin waɗannan kayan haɗi su ma sai da lamba da bincike. Kotun Ƙoli ta tabbatar da ƙa'idar a watan Maris na 2025.

Inda aka fi faɗawa rami shi ne wajen zaɓen bututu. Dokar bindigogi ta ƙasa ta 1934 ta ce duk bindigar da ake dafawa a kafaɗa, in bututunta bai kai inci 16 ba (santimita 40 da ɗoriya), ko tsawonta gaba ɗaya bai kai inci 26 ba, ta shiga rukunin gajerun bindigogi masu buƙatar rajista ta musamman. Ga bindigar farauta mai feshin ƙwayoyi, iyakar bututun inci 18 ce. M4 ta soja kuwa bututunta inci 14.5 ne. Saboda haka mai sha'awar tasa ta fito sak irin ta soja yana da giɓin inci ɗaya da rabi, kuma hukuncin mallakar gajerar bindiga marar rajista ya kai ɗaurin shekara 10 da biyan tara.

Hanyoyi biyu doka ta bari. Ta farko, a ƙara wa bakin bututun wani ƙarfe da zai cike tsawon, a kuma liƙe shi dindindin da walda. Wanda aka murɗa kawai, da za a iya kwancewa da sifana, ba ya shiga lissafin awo. Ta biyu, a nemi izinin ATF: fom, hoto, zanen yatsu, sannan jira. Sai izini ya fito ake haɗawa, a kuma zana sunan mai ita da garinsa a jikin ƙarfen. Ko bayan haka, in zai tsallaka da ita wata jiha, sai ya sake neman izini. Masana doka kan ja kunnen mutane cewa ajiye gajeren bututu tare da uwar bindiga mai ƙota, ba tare da wata halastacciyar hanyar amfani da shi ba, na iya jawo tuhuma ko da ba a haɗa su ba.

To, me ya sa inci 16? Nan ne abin ke ba da mamaki. An yi dokar 1934 ne bayan zamanin haramcin giya, lokacin da 'yan daba irin su Al Capone suka addabi Chicago da mashinga (bindiga mai ɓarin wuta ba tsayawa) samfurin Thompson. Daftarin farko ya haɗa da ƙananan bindigogin hannu, aka sa batun gajeren bututu don kada mutum ya yanke doguwar bindiga ya mai da ita ta ɓoyewa a riga. Kafin dokar ta wuce sai aka cire bindigogin hannun, aka bar ƙa'idar da aka yi domin su. Iyakar ma da inci 18 ce, a 1960 aka sauko da ita 16. Sakamakon shi ne fistol da ke shiga aljihu ba ta buƙatar wannan rajista, amma bindigar da ta ninka ta tsawo sau da yawa tana buƙata. A ganina wannan ragowar tarihi ce ba hikima ba, amma alƙali ba zai saurari wannan hujja ba.

Wannan tufka da warwara ita ta haifi rigimar madaurin hannu. AR-15 mai gajeren bututu wadda ba ta da ƙota, doka fistol take ɗaukarta. Da aka ƙirƙiro wani madauri domin naƙasassun tsofaffin sojoji su iya riƙe ta da hannu ɗaya, sai jama'a suka riƙa dafa shi a kafaɗa. ATF ta ce a 2023 yawancin irin waɗannan gajerun bindigogi ne, kotun tarayya ta soke ƙa'idar a 2024.

A 1934 aka yanka kuɗin rajistar dala 200, kusan farashin Thompson ɗin kanta a lokacin, an sa shi ne don ya gagari talaka. Ba a taɓa ƙara shi ba, hauhawar farashi ta cinye shi. Dokar kasafin da Shugaba Trump ya sa wa hannu ranar 4 ga Yulin 2025 ta mai da shi sifili ga gajerun bindigogi da na'urar rage ƙara daga Janairun 2026. Kuɗin aka cire, ba a cire rajistar ba.

Sashen da babu wata ƙofa a kansa shi ne mai sa bindiga ɓarin wuta ba tsayawa. Tun 19 ga Mayun 1986 farar hula ba ya iya rajistar sabuwar mashinga, kuma ɗan ƙarfen da ke mai da bindiga haka, shi kansa doka mashinga take kiransa.

Duk wannan dokar tarayya ce. Ta taɓa hana bindigogi masu siffar soja daga 1994 zuwa 2004, wa'adin ya ƙare ba a sabunta ba. Jihohi irin su Kalifoniya, New York, Connecticut, Illinois da Washington suna da nasu haramcin, wasu suna duba siffa: mariƙin hannu, ƙota mai naɗewa, gidan harsashi mai cin fiye da 10. Abin da ke halal a Texas na iya zama babban laifi a New York.

Ga 'yan uwanmu mazauna can: mai takardar zaman dindindin yana da damar mallakar bindiga kamar ɗan ƙasa, amma mai bizar karatu ko ta ziyara an hana shi, sai a 'yan yanayi kamar riƙe lasisin farauta. Aika sassan bindiga waje ba tare da lasisin fitarwa ba laifi ne a Amurka, ko da sashe ne da ake saya ba tare da takarda ba. A Nijeriya kuma, dokar bindigogi ta 1959 ta sa bindigogin soja cikin haramtattu, waɗanda lasisinsu sai daga Shugaban Ƙasa, kuma shigo da bindiga ko ƙera ta ba izini laifi ne mai ɗauri.