Koyar da Kimiyya a Ƙaramar Sakandare a Nijeriya

Kimiyyar ƙaramar sakandare darasi ne da ake koya wa ɗaliban aji ɗaya zuwa aji uku na ƙaramar sakandare a Nijeriya, waɗanda galibi shekarunsu ke tsakanin 12 da 15. Darasin ya tattara ilimin halittu, da na sinadarai, da fiziks a wuri ɗaya, ba a raba su sai ɗalibi ya shiga babbar sakandare. An daɗe ana kiran sa Integrated Science, wato haɗaɗɗiyar kimiyya, kafin a mayar da sunan Basic Science. A rubuce, ana so yaro ya san abubuwan da ke kewaye da shi, ya kuma iya binciken su da hannunsa.

Tarihi

A zamanin mulkin mallaka, abin da ake koyarwa da sunan kimiyya a yawancin makarantu bai wuce nazarin tsirrai da dabbobi, da tsaftar jiki, da ɗan aikin lambu ba. Ɗakin gwaje-gwaje sai a manyan kwalejoji ƙalilan, irin King's College ta Legas da aka buɗe a 1909.

A 1957 malaman kimiyya suka kafa ƙungiyarsu ta ƙasa, STAN. A shekarar ne kuma Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron ɗan'adam na farko, abin da ya zaburar da Amurka ta sake fasalin koyar da kimiyya, Ingila ma ta bi sahu. Sabon ra'ayin shi ne a rage hadda, a bar yaro ya taɓa, ya auna, ya yi kuskure ya gyara. Ba a jima ba guguwar ta iso Afirka. A wani taro da aka yi a Kano a 1965 aka aza harsashin shirin kimiyyar firamare na Afirka, wanda ya dogara da kayan da yaro zai tsinta a tsakar gida ko bakin rafi: ƙwari, iri, duwatsu, ruwa. Daga baya Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ta gudanar da irin wannan aiki a firamaren jihohin Arewa. A Kudu kuwa, makarantar sakandare ta Aiyetoro ta gwada nata tsarin na kimiyyar azuzuwan farko.

Babban taron manhaja na ƙasa da aka yi a Legas a 1969 shi ya ba batun ƙarfi. A farkon shekarun 1970 STAN ta fitar da manhajar haɗaɗɗiyar kimiyya da littattafan ɗalibi da na malami, inda ta ɗauki darasi daga wani tsari makamancinsa na ƙasar Sikotland. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta zo da tsarin 6-3-3-4, wato shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babba, huɗu a jami'a, wanda aka fara aiwatarwa a wajajen 1982, kodayake jihohi ba su shiga lokaci ɗaya ba. A nan ne aka haifi ƙaramar sakandare mai shekara uku, haɗaɗɗiyar kimiyya kuma ta zama dole a cikinta. An gina manhajar wancan lokacin a kan jigogi da suka fara daga jikin yaron kansa, su bi ta gidansu, su kai ga muhalli da makamashi. Mutane da yawa da suka yi sakandare a shekarun 1980 da 1990 da wannan tsari suka tashi.

Shirin ilimin bai-ɗaya na UBE, wanda Shugaba Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar a Sakkwato a 1999 aka kuma yi masa doka a 2004, ya haɗe firamare da ƙaramar sakandare suka zama ilimin tushe na shekara tara. Hukumar NERDC, mai tsara manhaja tun kafuwarta a 1988, ta sauya wa darasin suna a wajajen 2007. A gyaran da aka yi bayan 'yan shekaru, an cusa shi a rukuni ɗaya da fasaha, da kwamfuta, da motsa jiki.

Abin da ake koyarwa

Masu rai da marasa rai, sassan jikin ɗan'adam, abinci da cututtuka, daskararru da ruwa-ruwa da iska, ƙarfi da makamashi, haske da sauti, maganaɗisu da lantarki, sai gurɓacewar muhalli da kwararowar hamada.

Dabarun bincike

Dabarun da ake son ɗalibi ya ƙware a kai sun haɗa da lura, da awo, da rarrabewa, da hasashe, da rubuta sakamako. Wadda ta fi wuyar shiga kan yara ita ce gwajin adalci, wato a sauya abu ɗaya tak, a bar sauran yadda suke. Misalin da aka saba da shi shi ne tsirowar wake. Ana samo gwangwanayen madara guda uku, a zuba ƙasa iri ɗaya, a shuka ƙwaya biyar-biyar. Na farko a ba shi ruwa a ajiye a rana, na biyu a ba shi ruwa a kulle a kabad, na uku a bar shi a rana babu ruwa. Yara kan rantse cewa na cikin duhu ba zai fito ba. Bayan kwana biyar ko shida sai a tarar ya fito, har ya fi na rana tsawo, amma siriri, ganyensa rawaya. Daga nan malami zai ja hankalinsu ga bambancin abin da iri ke bukata don ya tsira da abin da shuka ke bukata don ta rayu.

Inda babu kayan gwaji, malamai kan yi dabara da abin da ke kasuwa. Ruwan zoɓo na nuna tsami da kishiyarsa: a ɗiga masa lemon tsami jansa ya ƙara haske, a zuba ruwan kanwa ya rine ya koma duhu mai ratsin kore. Gishiri da yashi kuwa, ruwa da ƙyalle da murfin tukunya da zafin rana sun isa a raba su.

Malamai da jarrabawa

Mafi ƙarancin shaidar koyarwa ita ce NCE, kuma kwalejojin ilimi na da sashen haɗaɗɗiyar kimiyya. Duk da haka, a makarantu da yawa wanda ya karanta fanni ɗaya ake miƙa wa darasin, sai ya daɗe a inda ya iya, ya ratsa sauran a guje. A ƙarshen aji uku ana rubuta jarrabawar BECE, wadda NECO ko hukumar jarrabawar jiha ke shiryawa. Da yake jarrabawar ta biro da takarda ce, gwaji da hannu shi ake fara sadaukarwa idan zango ya ƙure ko aji ya cika maƙil, a koma kwafar rubutu daga allo.

Harshen koyarwa

Turanci ne a hukumance, amma a Arewa malami kan karanta da Turanci ya yi bayani da Hausa. Masu goyon bayan harshen uwa kan kafa hujja da gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, inda aka koyar da 'yan firamare da Yarbanci. Masu adawa kuma na nuni da ƙarancin littattafai da harshen jarrabawa.

A Jamhuriyar Nijar

A can da Faransanci ake koyarwa, matakin ƙaramar sakandare shekara huɗu ne, ilimin halittu da na ƙasa darasi guda ne, fiziks da sinadarai kuma wani darasin daban, ana kammalawa da jarrabawar BEPC.