Mai Cewa "Ba Komai" Alhali Ransa Na Ci: Yaya Ake Jinyar Iyalinsa?

Tambaya: Wace hanya ake bi wajen jinyar irin wannan iyali?

Amsa: Zama ne da ƙwararre kan halayyar ɗan Adam, ana tara iyali wuri ɗaya maimakon a ware mutum guda a ce shi ne mara lafiya. Virginia Satir, wadda ta fitar da littafinta kan jinyar iyali a 1964, da likitan ƙwaƙwalwa Carl Whitaker, su ne jigoginta a Amurka. A ganinsu, dogon bayani ba ya taɓa mutumin da ya saba haɗiye damuwa. Sai an sa abin ya taso masa a cikin zaman, a gaban mutanensa.

Tambaya: To mutumin da ko an tambaye shi sai ya ce "lafiya lau", ta ina za a kama shi?

Amsa: Ba a matsa masa da tambaya. Ana jera iyali kamar hoto. A ce gida ne a Tudun Wada, maigida ya rasa ƙaninsa shekara biyu, bai taɓa zubar da hawaye ba, hira ta mutu a gidan. Ƙwararren ya ce wa 'yar maigidan ta tsayar da kowa yadda take ganinsa. Yarinyar ta kai mahaifinta bakin ƙofa, ya juya baya, waya a hannu. Ta zaunar da uwar a tsakiya, hannuwa a miƙe kamar mai rabon faɗa. Ita kuma ta laɓe bayan kujera. Sai a yi shiru. Can ƙwararren ya ce, "Malam, kada ka motsa tukuna. Me kake ji a ƙirjinka?" Sau da yawa nan murya take fara rawa. Labarin zuciya dai a tambayi fuska.

Akwai kuma kujerar da ba kowa a kai, dabarar da aka aro daga likitan ƙwaƙwalwa Fritz Perls: a ce mamacin na zaune, faɗa masa abin da ka kasa faɗa.

Tambaya: Wannan ba zai karya kunya da kara ba?

Amsa: Nan ne ake bukatar wanda ya san gida. Uwar da ba ta kiran sunan ɗan fari ba danne so take yi ba, alkunya ce, kuma ɗan ya sani. Wanda ya ɗauki hakan ciwo bai san Bahaushe ba. Gaskiya ne ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Amma idan shirun ya koma rashin barci, ciwon kai da tsawa ga yara, ya wuce haƙuri. Ni dai ban ga dalilin sa ɗa ya zuba wa mahaifinsa ido ba, suna iya zama gefe da gefe a tabarma ɗaya.

Tambaya: Kowane gida ya dace?

Amsa: A'a. Inda ake duka ko barazana, ba a haɗa mai dukan da wanda ake duka a sa shi buɗe ciki, don gida za su koma tare. Mai tunanin halaka kansa kuwa likita zai fara gani.

Tambaya: Ina za a fara a Zariya?

Amsa: Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, Kaduna. In kun je, ku tambaya ko suna zama da iyali gaba ɗaya.