Shafin kariya daga ruwa da wuta a yadin kayan aiki

Shafin kariya sinadari ne da ake jiƙa yadi da shi ko a shafa masa a masaƙa, domin tufafin 'yan kwana-kwana, masu walda da ma'aikatan man fetur su ƙi shan ruwa da mai, su kuma ƙi cin wuta. Aiki biyu ne daban, kuma haɗa su a yadi ɗaya shi ne babbar wahalar wannan fanni.

Maganin wuta ya daɗe. Tun wajen 1820 masanin Faransa Gay-Lussac ya nuna cewa gishirin amoniyam fosfet yana hana yadi ci da wuta, sai dai wanki ɗaya ke tafiya da shi. A shekarun 1950 aka samo Proban, daga baya Pyrovatex, waɗanda ke ɗauke da fosforas kuma suna kama zaren auduga da kyau. Idan zafi ya taɓa irin wannan yadi, maimakon audugar ta saki iskar da ke rura wuta, sai ta zama gawayi a sama, gawayin ya tare zafin. Yadin yana ƙonewa, amma da zarar an janye harshen wutar sai wutar da ta kama yadin ta mutu da kanta, kuma 'yan daƙiƙun nan su ne ke ceton fatar ma'aikaci. Yadin Nomex na kamfanin DuPont kuwa ba ya bukatar wannan, don ƙin wuta a jikin zarensa yake.

Korar ruwa abu ne mai sauƙi: kakin farafin ko silikon sun isa su sa ɗigo ya dunƙule ya gangara. Mai ne matsala, domin ya fi ruwa saurin bazuwa da kutsawa tsakanin zare. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, tunda rigar da ta sha dizal za ta ci wuta komai ingancin maganin da ke jikinta. Sinadaran fulorin da ake kira PFAS ne suka magance haka, kuma kamfanin 3M ya fara sayar da irin wannan shafi mai suna Scotchgard a 1956. Daga baya aka gano ba sa ruɓewa, suna taruwa a ruwan sha da jinin mutane. A 2000 3M ya sanar da daina yin PFOS, ɗaya daga cikin sinadaran PFAS, Yarjejeniyar Stockholm ta ƙasashen duniya kan sinadarai masu guba ta taƙaita shi a 2009, ta ƙara da ɗan'uwansa PFOA a 2019. Madadin da babu fulorin yana korar ruwa sosai, amma har yanzu yana gazawa a wajen mai, kuma kakin farafin kansa abincin wuta ne.

Ana gwada irin waɗannan tufafi da ma'aunan ingancin tufafin kariya daga wuta, kamar ISO 11612 da NFPA 2112. Abin takaici, suna iya lalacewa a wurin wanki: bilic mai kulorin yana kashe maganin wuta na auduga, ruwan tausasa yadi kuma yana barin maiƙon da ke iya kamawa da wuta.