Kiwon kifin gupi a sabon akwatin gilashi: tambayoyi da amsoshi ga mai farawa a Zariya

Gupi ne kifin da mai shago ya fi miƙa wa sabon shiga: ga araha, ga jela mai launi, ga haihuwa ba ƙaƙƙautawa. Amma kukan da ake yawan ji iri ɗaya ne. An sayo akwati da kifi rana guda, an cika ruwa garau, kafin mako ya zagayo an wayi gari ɗaya ya kwanta a kan tsakuwa, washegari biyu. Ga tambayoyin da masu farawa suka fi yi, da amsoshinsu daidai da ruwa da wuta da yanayin garin nan.

Akwatina sabo fil, ruwan kuma garau. Me ke kashe kifin?

Sabuntar ce matsalar. Kifi yana fitar da sinadarin amoniya ta kafofin numfashinsa da ke gefen kai, kashinsa da ragowar abinci ma idan sun ruɓe amoniya suke zama. Ba ta da launi, kuma a ɗan adadin da ke illata kifi hanci ba ya jin ta. A kogi ruwa ke tafiya da ita. A cikin gilashi kuwa ba ta da mafita, sai ta taru ta ƙona wa kifin wurin numfashi.

Abin da ke ceton tsohon akwati wasu ƙwayoyin bakteriya ne da ke manne a soson matata (abin da ke tace ruwan akwatin) da tsakuwa da jikin gilashi. Kashi na farko, irin su Nitrosomonas, suna cin amoniya su mayar da ita naitirait. Ita ma naitirait guba ce, tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar oksijin, shi ya sa za ka ga kifi yana haki a saman ruwa alhali famfon iska na aiki. Kashi na biyu, irin su Nitrospira, su ke mayar da naitirait zuwa naitiret, wadda kifi ke jurewa sosai, kuma canjin ruwa na mako-mako ke rage ta. A sabon akwati babu waɗannan ƙwayoyin da yawa. Sai sun hayayyafa tukun, abin da kan ɗauki mako 4 zuwa 6, wani lokaci har 8. Kafin nan aikinsu yana wuyanka, da bokiti da tiyo.

To tunda na riga na zuba kifin, sai in yi yaya?

Da so samu ne a bar akwati babu kifi a ciki, ana ɗan jefa abinci yana ruɓewa har ƙwayoyin su kafu, wato akwatin ya nuna. Tunda aikin gama ya gama, abu uku ne: kifi kaɗan, abinci kaɗan, canjin ruwa akai-akai.

Fara da sanin girman akwatinka. Auna tsawo da faɗi da zurfi da santimita, ka ninka su, ka raba da 1,000. Akwati mai 60 da 30 da 30 yana cin lita 54, wato jarkar 'yan garuwa mai lita 25 guda biyu da ɗan ɗori. Irin wannan, gupi 3 ko 4 sun isa a watan farko. Idan an sayar maka da 15, ka roƙi mai shagon ya riƙe maka saura, ko ka kai wa wani mai tsohon akwati ajiya. Ƙaramin tulun gilashin nan mai zagaye kuwa, wanda ake sayarwa da kifi biyu a ciki, ba na ba kowa shawarar sa. Ruwan lita 3 ba ya ɗaukar kuskure ko ɗaya.

Canjin ruwa kuma, a makonni biyun farko a cire kashi 25 zuwa 30 cikin 100 kullum ko bayan kwana ɗaya, a zuƙo da tiyo daga ƙasa inda dattin yake. Lissafin a fili yake: idan amoniya ta kai miligiram 1 a lita, ka canja rabin ruwan, ta koma 0.5. Ba wani magani da ke yin wannan aikin da sauri haka.

An ce yawan canja ruwa yana hana akwati nuna. Gaskiya ne?

A'a. Ƙwayoyin a jikin soso da tsakuwa suke, ba su yawo a ruwa, don haka zubar da ruwa ba ya tafiya da su. Abin da ke tafiya da su shi ne tsabtar da ta wuce kima: a kwashe kifi a roba, a juye akwati, a wanke tsakuwa da omo, a dirje soso a bakin famfo. Duk ranar da aka yi haka an koma rana ta farko, ga kuma ragowar sabulu da shi kansa kisa yake yi. A watan farko kada ka taɓa soson sai ya toshe. In ya toshe, matse shi sau biyu ko uku cikin ruwan da ka ciro daga akwatin, ka mayar. Launin ƙasa-ƙasa da ya yi ba ƙazanta ba ce, dukiyar ke nan. Kuma a ware bokiti ɗaya na kifi kaɗai, a gaya wa mutanen gida kada a jiƙa wanki a ciki.

Wane ruwa zan zuba: famfo, rijiya, burtsatse ko na leda?

Kowanne da halinsa. Ruwan famfo ana sa masa kulorin don kashe ƙwayoyin cuta, kuma bai san na kirki da na banza ba, yana ƙona kifin ma. A tara shi a buɗaɗɗen bokiti ya kwana ya wuni, ko a ɗiga maganin cire kulorin da masu kayan kifi ke sayarwa. Maganin ya fi tabbas, domin akwai nau'in da ake kira kuloramin wanda ajiyewa ba ta kore shi.

Ruwan burtsatse ba kulorin, amma yakan fito da ƙarancin oksijin, sai a bar shi ya sha iska na wasu awanni. Rijiya ce ke buƙatar lura, musamman a unguwanni masu cunkoso na cikin birni ko Tudun Wada inda rijiya da masai kan yi kusa. Irin wannan ruwan yana iya zuwa da amoniyarsa ko naitiret tun daga guga, ka yi ta canjawa lissafi ba ya sauka. Gwada ruwan kansa kafin ka zargi kifin. Wanda ka saya wurin 'yan garuwa, tambayi inda suka ɗebo.

Ruwan sama da ake tara a damina ba shi da ma'adinai, gupi kuwa ya fi son ruwa mai ɗan nauyi, mai alli a ciki, wanda ma'aunin tsaminsa, wato pH, ke tsakanin 7 da 8. Na leda asarar kuɗi ce kawai. Abin da ya fi muhimmanci, ka tsaya a kan ruwa ɗaya, kada yau rijiya gobe famfo.

Dole ne in sayi kayan gwajin ruwa?

In da hali, saya kafin ka sayi fitila mai launi ko furen roba. Na ɗigawa a kwalba, irin na kamfanin API, ya fi na takarda faɗin gaskiya. In ba a samu a Zariya ba, a yi saƙo Kaduna ko Kano, ko a yi oda ta intanet. Abin da ake so: amoniya da naitirait su kasance 0, in ɗaya ta kai miligiram 0.5 a lita a canja ruwa ranar, naitiret kuma kada ta wuce 40.

Wanda ba shi da shi, kifin ne ma'auninsa. Gupi mai lafiya ba ya zama wuri ɗaya, da ka matso zai taso yana neman abinci. In ya tsuke fiffike, ya rufe jela, yana rawar jiki a wuri ɗaya, ko ya maƙale a sama yana buɗe baki, ko gefen kansa ya yi ja, canja rabin ruwa nan take, tambaya ta biyo baya.

Babu hanyar da za a gaggauta abin?

Akwai, kuma kyauta ce. Yadda mai nono ke zuba ɗan tsohon kindirmo a sabuwar madara ta kwana ta kama, haka za ka roƙi wani mai akwatin da ya yi watanni lafiya ya yago maka ɓangaren sosonsa, ko ya ɗebo maka tsakuwa cikin tafin hannu. Kawo shi a leda da ruwansa, kada ya bushe, kada ya daɗe a rana, ka sa a matatarka nan da nan. Wannan kan rage jiran sosai. Ruwan tsohon akwati shi kaɗai bai da amfani. Sai dai ka duba kifin mai ba ka, in suna ciwo kada ka karɓa.

Ƙwayoyin kwalba da ake sayarwa wani lokaci suna aiki, amma abu ne mai rai, kuma kwalbar da ta sha zafin shago tun bara ba na dogara da ita. Maganin Seachem Prime yana cire kulorin, kamfanin kuma ya ce yana danne gubar amoniya na kwana ɗaya zuwa biyu. Taimako ne, ba ya maye gurbin bokiti.

Tsiro mai rai ma yana shan amoniya. Kainuwa tana yi sosai in ta samu haske, amma wadda aka tsinko a kududdufi sai an wanke ta, an ajiye ta daban na mako biyu, saboda matsattsaku da ƙananan dodon koɗi, waɗanda wasunsu ke ɗauke da cutar tsargiya. Idan naitirait ce ta hau, cokalin shayi ɗaya na gishiri a lita 20 yana rage shigarta jinin kifi, gupi kuma yana jure gishiri. Gishiri ba ya bin tururi, don haka sai a ruwan da aka canja kaɗai ake ƙara shi.

Maƙwabcina yana kiwon tarwada ɗari-ɗari a tanki ɗaya, ba matata ba komai, suna ta girma. Me ya sa nawa huɗu ke mutuwa?

Tarwada tana da gaɓar da take shaƙar iskar sarari da ita, tana rayuwa a taɓo, gupi ba shi da wannan. Kuma ka lura da maƙwabcin naka da kyau: in ruwan ya fara wari yana buɗe bututu ya zubar ya sake sabo. Abin da muke cewa ka yi ke nan.

Sau nawa zan ba su abinci?

Sau ɗaya a rana a watan farko, ɗan abin da za su cinye cikin minti ɗaya. Tsallake kwana ɗaya a mako ba ya cutar da su. Namijin gupi bai wuce santimita 3 da ɗan abu ba, macen takan kai 6, cikin nasu nawa yake? Ɗora gwangwanin abincin inda hannun yara ba ya kaiwa, domin kowane yaro ya wuce sai ya ji tausayinsu ya barbaɗa. Burodi da tuwo da biskit ba abincinsu ba ne.

Idan aka ɗauke wuta fa? Ga hunturu, ga bazara.

Ƙwayoyin matata suna buƙatar oksijin kamar kifin. Awa biyu ko uku ba komai, amma wuni da kwana ba motsin ruwa yana raunana su. Shi ya sa a nan matatar soso mai aiki da famfon iska ta fi dacewa: a cikin ruwan take, ba ta bushewa, kuma akwai ƙaramin famfo mai igiyar USB da batirin cajin waya ke riƙewa awanni masu yawa. In babu, kada a ba da abinci ranar, a riƙa ɗibar ruwan da kofi ana kwararo shi daga sama lokaci-lokaci.

Asalin gupi ƙasashe masu ɗumi ne, Benezuwela da Gayana da tsibirin Tirinidad, inda Robert Lechmere Guppy ya aika da samfurinsa Landan a 1866, sunansa ya bi kifin. Yana son ruwa mai zafin digiri 22 zuwa 28. Daren Disamba da Janairu a Zariya yakan sauka ƙasa da haka nesa ba kusa ba, mutanen Samaru da Shika ba sai an gaya musu ba. Sanyi yana kawo ciwon fararen ɗigo a jiki, yana kuma rage saurin hayayyafar ƙwayoyin. Hita mai wat 50 ta isa akwatin lita 50, in ba wuta a lulluɓe shi da bargo da dare. Canjin ruwa a hunturu da rana ake yi, ba da asuba da ruwan da ya kwana a waje ba, kuma a taɓa da hannu a ji zafinsu ya zo ɗaya. Iskar hunturu tana shanye ruwa, amma cike gurbin da ya ragu ba canji ba ne, dattin yana nan.

A Maris da Afrilu kuma ruwa mai zafi ba ya riƙe oksijin sosai, amoniya kuma ta fi dafi. Janye akwatin daga taga, ka juya fanka tana busa saman ruwan. Lokacin sauro, kafin a fesa magani ko fiya-fiya a ɗaki, a kashe famfon iska a rufe akwatin ruf, domin ɗan kaɗan daga maganin ƙwari yana gamawa da kifi.

Ruwan ya yi fari-fari a kwana na uku. In zuba magani?

Kada ka zuba. Wasu ƙwayoyin ne na daban suka yi yawa, yakan washe da kansa cikin 'yan kwanaki in an rage abinci. Kafso ɗin da ake fasa wa kaji a ruwan sha, da shuɗin maganin kifi, duk suna iya kashe ƙwayoyin da kake wahalar renon su. Kifin da ke buƙatar magani a ware shi a wata roba.

Yaushe zan san ya nuna, in ƙara kifi?

Idan mako guda cur gwaji yana nuna amoniya 0, naitirait 0, naitiret kuma ta fara bayyana. Marar kayan gwaji ya jira mako 6 zuwa 8 kifi na cikin walwala. Daga nan a koma canja kashi 25 cikin 100 sau ɗaya a mako, a ƙara kifi biyu-biyu ko uku-uku da tazarar mako biyu.

Mai yiwuwa ma ba sai ka saya ba. Gupi haihuwa take yi, ba ƙwai ba, kusan kowane wata, takan zubo 20 zuwa 40, kuma mace tana ajiye maniyyin namiji ta yi ta haihuwa watanni babu shi. Wadda ka sayo daga shago galibi da cikinta ta zo. Wanda ba ya son cunkoso ya ajiye maza zalla, mai son haɗawa ya sa mata 2 ko 3 ga kowane namiji don kada ya gallabi ɗaya. In sun yi maka yawa ka raba wa abokai ko ka mayar wa mai shago. Kada a juye su a kogin Kubanni ko Galma: a ƙasashe da dama an saki gupi don ya ci tsutsar sauro, ya bazu ya takura wa ƙananan kifayen wurin.