Ba kowace gobara ce ruwa ke kashewa ba

A ƙauyukan Bodinga ko Gwadabawa, kafin motar 'yan kwana-kwana ta iso, samarin gari ne ke tarar gobara, ba albashi, sai neman lada. Da an ji kururuwa kowa sai ya rarumi bokiti, don mun taso muna jin ruwa ne maganin wuta. Idan danni ne ko rumbu, haka ne.

Amma idan kaskon mai ƙosai ya kama, ruwa masifa ne. Ya fi mai nauyi, sai ya nutse ƙasan kaskon ya tafasa nan take. Tururinsa yakan ninka girman ruwan kusan sau 1,700, shi ke fesa mai yana ci da wuta a fuskar wanda ya zuba. Murfi za a kifa, a janye itacen murhun, kada a buɗe sai ya huce.

Fetur kuwa, irin na 'yan bumburutu, saman ruwa yake bi. Ka zuba, ka raka wutar har zauren maƙwabci. Yashi ake labta masa. In lantarki ne, a fara yanke wutar daga mita ko a kashe janareta, don ruwa na jawo ta har hannun mai bokiti.